Yadda Ruhubanawan Kirista Suka Yi Wa Harshe Linzami

A wajajen shekara ta 320 wani tsohon soja ɗan Masar mai suna Pakomiyus ya kafa gidan zuhudu a Tabennisi, a gaɓar kogin Nilu can kudancin ƙasar. Kafin wannan lokaci, galibin Kiristocin da suka juya wa duniya baya kowa kogonsa ko bukkarsa yake shiga shi kaɗai. Pakomiyus kuwa sai ya tara su a cikin katanga guda, ya raba musu ayyuka, masu saƙar tabarma daban, masu gashin burodi daban, masu jirgin ruwa daban. Da mutane ɗaruruwa suka haɗu a gida ɗaya, sai wata matsala ta taso wadda mai zaman kaɗaici bai cika sanin zafinta ba, wato matsalar baki. Dokokin da ya shimfiɗa, waɗanda wani malami mai suna Jerom ya fassara zuwa Latin a shekara ta 404, sun bi ta har cikin ɗakin girki. Masu kwaɓa gari ba a yarda su yi hira ba, sai dai su riƙa maimaita ayoyin Littafi Mai Tsarki da suka haddace. Wanda yake son a ƙaro masa ruwa ba zai ɗaga murya ba, sai ya ƙwanƙwasa gefen akushin. In an zauna cin abinci, kowa ya ja hular rigarsa ta sauko bisa fuska, don kada idonsa ya riƙa leƙa hannun ɗan'uwansa, ya samu abin da zai faɗa a kansa daga baya.

Daga wannan ɗakin girki zuwa yau an shafe fiye da shekara 1,600 ana riƙe da al'adar shiru a gidajen zuhudu na Kirista, kuma abin da akasarin mutane suka sani game da ita shi ne wai akwai waɗansu bayin Allah da suka rantse ba za su ƙara magana ba. Tarihin ya nuna wani abu dabam. Abin da masu kafa al'adar suke tsoro shi ne ɓarnar da harshe ke yi wa maƙwabci: gulma, tsegumi, gunaguni, ba'a da yanke hukunci a kan wanda ba ya nan. Shiru makaranta ce da aka buɗe don koyon magana, kuma duk sa'ad da aka mayar da shi doka ta hana ƙara kawai, sai ɓarnar ta samu wata ƙofa, har sai masu gyara sun komo kan manufar farko. Tushen wannan yana cikin Wasiƙar Yaƙub, babi na 3, inda aka kwatanta harshe da linzamin da ake sa wa doki a baki, da ɗan katakon da matuƙi ke juya babban jirgin ruwa da shi, da ƙaramar wuta mai cinye daji. Duk wanda ya taɓa kallon mahayi a filin hawan sallah ya san ana sa linzami ne don dokin ya tafi inda ake so, wanda ba ya son doki ya motsa turke yake nema. Abin da ya fi damun marubucin wasiƙar kuma shi ne a ce baki ɗaya ne yake yabon Allah yake kuma zagin mutumin da Allah ya halitta cikin kamanninsa. Ƙorafin nasa tun farko a kan haƙƙin mutum yake.

Labaran dattawan hamadar Sketis, wadda ake kira Wadi Natrun a yanzu, da na Nitriya, su ne suka fi ba wa mutane hoton masu tsananin shiru. An ce ɗaya daga cikinsu, Agaton, ya yi shekara 3 yana ɗauke da tsakuwa a bakinsa har ya koyi kame harshe. Masanin tarihin coci Sokaratis, wanda ya yi rubutu a ƙarni na 5, ya kawo labarin Pambo, wanda ya je wurin wani malami don ya koya masa Zabura. Da aka karanta masa ayar farko ta Zabura ta 39, mai magana a kan tsare harshe daga zunubi, sai ya ce wannan ta ishe shi, ya tashi ya tafi, kuma bayan shekara 19 ya ce da ƙyar ya iya aiki da ita. Mai shakka zai ce ai waɗannan tatsuniyoyin waliyyai ne, an rubuta su bayan masu su sun daɗe a kabari. Gaskiya ne an tattara su daga baya, a ƙarni na 5 da na 6, kuma babu mai iya tabbatar da tsakuwar Agaton. Sai dai labarin da al'umma ta zaɓa ta adana yana nuna abin da take girmamawa, ko da ya faru ko bai faru ba, kuma a cikin wannan tarin ne aka adana hukuncin Poyimen, dattijon da ya fi kowa yawan zantuka a cikinsa. A ganinsa, mutumin da bakinsa ke rufe amma zuciyarsa tana ta yanke wa mutane hukunci, surutu yake yi ba dare ba rana, wanda kuma ya wuni yana magana amma bai faɗi abin da ba shi da amfani ba, shi ne ya riƙe shiru. Waɗanda suka adana labarin tsakuwa su ne suka adana wannan a gefensa, don haka ba za a ce sun ɗauki rufe baki a matsayin ƙarshen tafiya ba.

Wanda ya mayar da wannan hikima tsari mai ɗorewa shi ne Benedikti, ɗan Italiya, wanda ya kafa gidansa a Monte Cassino wajajen 529, ya kuma bar ƙa'ida mai babi 73 wadda ta zama jagorar yawancin gidajen zuhudu na yammacin Turai. Babi na 6 yana kan kame baki, kuma yana da tsanani: ko magana mai kyau ba kullum ake ba da izininta ba, wasan banza da zancen ban dariya kuwa an kore su gaba ɗaya. Babi na 38 ya ce a lokacin cin abinci murya ɗaya za a ji, ta mai karatu na mako, wanda yake bukatar wani abu ya nema da alama. Babi na 42 ya hana magana bayan addu'ar ƙarshe ta dare. Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka gidan bebaye aka gina. Amma ko wannan shiru na dare an yi masa togiya saboda baƙi, domin baƙon da ya iso cikin duhu ya fi doka haƙƙi. Babi na 3 ya wajabta wa shugaban gida ya tara kowa da kowa in babban al'amari ya taso, ya saurari har ƙaramin cikinsu, don sau da yawa ƙarami ake nuna wa abin da ya fi. Babi na 27 ya ce in an ware wani saboda laifi, a tura masa dattawa masu hankali su lallashe shi a asirce, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Wurin da ya fi taɓa zuciya shi ne babi na 31, kan ma'ajin gida, mutumin da makullin rumbu ke hannunsa, wanda kullum ake zuwa wurinsa neman mai ko riga ko takalmi. An umarce shi cewa in aka roƙe shi abin da ba shi da shi, ya ba da amsa mai daɗi, kada ya sallami ɗan'uwa da wulaƙanci. Mutumin da ya rubuta wannan yana ganin kalma dukiya ce da ake bayarwa kyauta, shi ya sa ba ya son a yi almubazzaranci da ita. Laifin baki da ya fi maimaita gargaɗi a kansa kuwa shi ne gunaguni, wato ƙorafin da ake yi a bayan ido, wanda ba ya zuwa gaban mai iya gyara.

Al'adar ta kai ƙololuwa a Cluny, gidan da aka kafa a gabashin Faransa a shekara ta 910. Ruhubanawan can sun ɗauki rayuwarsu a matsayin kwaikwayon mala'iku, suka faɗaɗa wuraren da lokutan da ba a magana: coci, ɗakin kwana, ɗakin cin abinci, ɗakin girki. Marubucin tarihin Odo, shugaban gidan daga 927 zuwa 942, ya kawo labarin wani ɗan zuhudu da ya ga ɓarawo yana kwance doki da dare amma ya ƙi yin ihu don kada ya karya shiru, kuma marubucin yabo yake yi. A nan an fara ganin doka tana neman ta fi abin da aka kafa ta dominsa. Tun da kuwa gida mai mutane da yawa dole a dafa abinci, a wanke kaya, a nemi littafi, sai hannu ya karɓi aikin baki. Littattafan al'adun Cluny na ƙarshen ƙarni na 11 sun adana jerin alamu 118 da ake koya wa sabon shiga. Mai son burodi sai ya haɗa manyan yatsunsa da manunai ya yi da'ira, don burodin nasu zagayayye ne. Mai nufin kifi sai ya karkaɗa hannu kamar wutsiyar kifi a ruwa. Madara kuwa a sa ƙaramin yatsa a leɓe kamar jariri yana shan nono, zuma a lashi yatsa. Mai neman littafin da wani marubucin zamanin jahiliyyar Rum ya rubuta sai ya yi alamar littafi, sannan ya sosa kunne yadda kare ke yi da ƙafarsa. Tsarin ya bazu. A Ingila an samu jerin alamu 127 cikin tsohon Turanci, a Hirsau ta Jamus kuma jerin ya kai 359. Abin lura a jerin Cluny shi ne kusan duka sunayen abubuwa ne, abinci da tufafi da kayan ibada da muƙamai, kalmomin aiki kaɗan ne ƙwarai. Da irin wannan za ka iya neman gishiri, amma da wuya ka ba da labarin abin da wane ya yi jiya, kuma ga alama da gangan aka bar shi gurgu haka.

Dabarar ba ta hana komai ba. Wajajen 1180 wani malamin coci, Gerald ɗan ƙasar Wales, ya ci abinci tare da ruhubanawan babban cocin Canterbury, ya kuma rubuta abin da ya gani cikin ɓacin rai: abinci kala 16 ko fiye, yatsu da hannuwa suna ta kai da komo, ana aika tasa daga wannan tebur zuwa wancan ana godiya da ishara, har da fito a madadin kira, sai ka ce gaban 'yan wasa yake zaune. Hukuncinsa shi ne da sun yi magana da baki cikin natsuwa da ya fi musu mutunci. Wani zai ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa al'adar ta gaza, tun da an rufe ƙofa surutu ya bi ta taga. Ni ina ganin labarin ya tabbatar da koyarwar ne. Gerald ɗan coci ne, kuma ma'aunin da ya auna su da shi nasu ne, shi ne na Poyimen: ba a ji muryarsu ba, amma ba su yi shiru ba. Dokokin gidaje da dama sun zo sun haramta alamun banza kamar yadda suka haramta kalmomin banza, abin da ke nuna cewa su kansu sun gane inda cutar take. Akwai kuma wani alheri da ya fito daga irin waɗannan gidaje. Pedro Ponce de León, ɗan zuhudu a gidan San Salvador da ke Oña a Sifaniya, wanda ya rasu a 1584, yana cikin mutanen farko da tarihi ya san sun koya wa yara kurame karatu da rubutu har da furta kalmomi. Ya tashi ne a inda kowa ya san mutum na iya yin tunani ya isar da saƙo ba tare da murya ba, a zamanin da mutane da yawa ke ɗaukar kurma a matsayin wanda ba ya koyuwa.

Ƙungiyoyin da suka fi suna da shiru ma haka tarihinsu yake. Kartusiyawa, waɗanda Bruno ya kafa a tsaunukan Chartreuse a 1084, kowa a ɗakinsa yake wuni, ana miƙo masa abinci ta wata 'yar taga, amma sau ɗaya a mako suna fita doguwar tafiya a ƙafa, bibbiyu, suna hira, suna sauya abokin tafiya a hanya. Tirafisawa, waɗanda suka samo suna daga gyaran da Rancé ya fara a gidan La Trappe a 1664, sun tsananta har kusan komai da hannu ake faɗa, amma shiru bai taɓa zama ɗaya daga cikin alkawuran da suke ɗauka ba, kuma bayan Majalisar Vatican ta Biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, sun sassauta, aka bar gajeriyar magana ta bukata. Cikin wannan ƙungiya Fada Cyprian Tansi, ɗan Aguleri a kudancin Najeriya, ya shiga a Ingila a 1950, bayan shekaru yana limancin coci da wa'azi, ya rasu a can a 1964.

Akwai mai cewa wannan duka sha'anin waɗanda suka bar duniya ne, ba ruwan mai aure da kasuwa. Amma manyan malaman wannan koyarwa a cikin jama'a suka yi ta. Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, mutum ne mai son baƙi da hira a kan abinci. Abokinsa Posidiyus, wanda ya rubuta tarihinsa bayan rasuwarsa a 430, ya ce an rubuta wasu baitoci a jikin teburinsa masu sanar da cewa mai cin naman wanda ba ya nan ba shi da wuri a wannan tebur. Wata rana waɗansu bishop-bishop abokansa suka manta suka shiga gulma, sai ya tsawata musu, ya ce ko dai a goge rubutun ko shi ya tashi ya koma ɗakinsa. Ba a hana kowa magana a gidan Agustin ba, abu ɗaya aka hana. Bernard na Clairvaux, wanda ya rasu a 1153, ya zana hoton magulmaci mai wayo a cikin wani wa'azinsa, kuma duk wanda ya zauna a majalisa ko gidan biki zai gane shi: yakan fara da ajiyar zuciya, ya sunkuyar da ido, ya sassauta murya, ya nuna yana ƙaunar wanda zai ambata kuma abin yana yi masa ciwo, sannan ya saki maganar, kuma ta fi shiga don an ɗauka tausayi ne ya fito da ita. Mutumin nan ba mai surutu ba ne, ƙila ma a san shi da kawaici. Hausawa da suka ce magana zarar bunu ce sun san abin da Bernard ya sani, cewa guda ɗaya da aka zare a hankali ta isa.

Suka mafi nauyi ita ce cewa koyar da shiru makami ne a hannun manya. A gidan Benedikti magana da koyarwa na malami ne, almajiri nasa saurare, kuma inda aka mayar da gunaguni babban laifi, wanda aka zalunta zai iya jin tsoron buɗe baki. Wannan suka ba ta da makawa, kuma ba a tarihin nesa kawai take ba. Tun daga rahotannin jaridar Boston Globe a 2002, da binciken da ya biyo baya a Ailan da Ostireliya da Faransa da wasu ƙasashe, duniya ta ga yadda shugabannin coci suka rufe cin zarafin yara da waɗansu limamai suka yi, suka riƙa sauya wa masu laifi wurin aiki, suka nemi iyaye su yi shiru don kare sunan ikilisiya. Kalmomin da aka yi amfani da su a kan waɗannan iyalai, kada a tayar da fitina, kada a ɓata sunan bawan Allah, daga rumbun wannan koyarwa aka ɗebo su. Duk wanda yake ƙaunar al'adar nan dole ya yarda cewa tana da wannan hatsari a jikinta, kuma an biya kuɗinsa da rayuwar yara.

Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne a ce malaman farko ba su hango hatsarin ba, ko sun amince da shi. Ambros na Milan, wanda ya rasu a 397, ya buɗe littafinsa kan ayyukan limamai da darasin shiru, nan take kuma ya yi gargaɗi cewa kamar yadda za a tambayi mutum kan maganar banza, haka za a tambaye shi kan shirun banza. Benedikti a babi na 68 ya ba ɗan zuhudu damar bayyana wa shugaba dalilinsa in an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, a babi na 61 kuma ya ce in baƙon ɗan zuhudu ya nuna wani aibu a gidan cikin ladabi, shugaba ya duba da kyau, ƙila don haka aka aiko shi. Giregori Babba, Paparoma daga 590 zuwa 604, shi ya fi kowa fayyace batun a littafinsa na jagorancin makiyaya, wanda bishop-bishop na Turai suka yi ƙarnoni suna karantawa. Ya ware gargaɗi na musamman ga masu yawan shiru, ya ce surutun da suka hana bakinsu yakan ninka a cikin zuciyarsu, wanda kuma ya ga mugunta a wurin ɗan'uwansa ya kame baki kamar wanda ya ga rauni ne ya hana magani. Shugaban da ya yi shiru don tsoron rasa farin jini kuwa ya haɗa shi da ɗan ƙodagon da ke gudu in kyarkeci ya zo, da karnukan da Annabi Ishaya ya ce ba sa iya haushi. Waɗanda suka rufe laifin limamai ba su da mafaka a wurin Giregori, littafinsa shaida ne a kansu tun shekara 1,400 kafin a tona asirinsu. A watan Mayun 2019 Paparoma Francis ya wajabta wa limamai da 'yan zuhudu kai rahoton cin zarafi ga hukumomin coci, ya kuma haramta a tilasta wa mai kawo ƙara yin shiru, a watan Disamba na shekarar kuma ya cire irin waɗannan shari'o'i daga ƙarƙashin sirrin fadarsa.